Amsa ga Baba Alhaji: mai zai mutu ne, ko dabarar Turawa ce?

Zuwa ga Baba Alhaji, mai tankokin mai a Kuseri ta Kamaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da girmamawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyali da yaran mota baki ɗaya. Allah ya ƙara girma.

A taron 'yan kasuwarmu na Kuseri da Njamena kun tsayar da ni gaban jama'a kuka ce: "Kai da ka yi aikin lantarki a filin mai, yau kuma kake sayar da sola, gaya mana gaskiya. Mai zai mutu ne, in sayar da tankokina tun suna da daraja? Ko kuwa wannan maganar sauyin yanayi dabara ce ta Turawa, su hana mu cin arzikinmu bayan sun ci nasu sun ƙoshi?" Lokaci ya ƙure a ranar, kuma na ga yadda mutane suka yi tsit, na gane tambayar ba taku kaɗai ba ce. Shi ya sa na rubuto amsar a fili.

A taƙaice, Baba, kada ku sayar da tankokinku, amma kada ku ci bashi ku ƙaro wasu. Sauyin yanayi gaskiya ne, rashin adalcin da kuke zargi shi ma gaskiya ne. Abin da ke hana ni barci kuwa wani ne daban: kuɗin ɗanyen man da Chadi ke sayarwa waje zai iya karyewa tun ba mu ja wa mutanenmu wuta ba.

Bari in fara da zancen dabara, tunda shi ya fi yawo a majalisu. Iskar kabon da ke fita idan an ƙona kwal da fetur da gas tana riƙe zafin rana a sararin sama. Ba jiya aka gano haka ba. Tun 1896 wani masani ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya yi lissafinsa, lokacin ko a Turai mota ba ta yawaita ba, balle a ce ana ƙulla yadda za a hana Afirka haƙo mai. Kafin zamanin masana'antu, cikin kowane kashi miliyan na iska kabon wajen 280 ne, yau ya haura 420. Masanan kamfanin Exxon kansa, wanda ya jagoranci haƙo man Doba a kudancin Chadi, sun yi irin wannan lissafi a cikin gida tun ƙarshen shekarun 1970, hasashensu kuma ya zo kusan daidai da abin da ake gani yanzu. Mai sayar da mai ba shi da ribar ƙirƙiro labarin da zai kashe masa kasuwa.

Mu kuma ba sai an kawo mana shaida daga waje ba. A Oktoban 2022 gwamnatin Chadi ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda ambaliya, sama da mutum miliyan ɗaya abin ya shafa. Na je unguwar Walia ta Njamena a waɗannan kwanaki. Magidanta suna cika buhuna da yashi cikin dare da hasken waya, ruwa ya kai musu ƙugu, kwale-kwale yana bin layin da jiya 'yan kilando, wato masu acaɓa, ke bi, mata sun ɗora katifu da buhunan dawa a kan rufin ɗaki suna jiran wanda zai ƙetare da su. Muka ce irin wannan sai an daɗe. Shekara biyu kacal sai ga ta 2024, ta shafi kusan mutum miliyan biyu a Chadi, sama da 500 suka rasu, ta ci Yagwa ta Kamaru da ƙauyukan bakin kogin Logon, a Maiduguri kuma madatsar Alau ta ɓalle. Shekarar 2024 ɗin ce mafi zafi da aka taɓa aunawa a duniya. Masu bincike sun nuna cewa manyan hadarai masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun 1982. Kun fi ni sanin tafkin Chadi: a 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, farin shekarun 1970 da 1980 ya janye shi ƙwarai, daga baya ya ɗan farfaɗo. Abin da ke wahalar da masunci da makiyayi da manomi yanzu shi ne ba wanda ya san inda bakin ruwa zai tsaya baɗi. Rikicin Logon-Birni na 2021 tsakanin makiyaya da masunta a kan ruwa ya faro, kun kuma ga dubban da suka ƙetare kogi zuwa Chadi da abin da ke jikinsu kawai.

To, inda nake tare da ku ɗari bisa ɗari shi ne zancen adalci. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya. A 2009, a taron Kofenhagen, ƙasashe masu arziki suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara daga 2020. Sai a 2022 aka ce an cika, kuma kaso mai yawa bashi ne da za a biya. A taron Masar na 2022 aka amince da asusun biyan asara da ɓarna, a Dubai 2023 aka yi masa alkawarin wajen dala miliyan 700, alhali ambaliyar Pakistan ta 2022 kaɗai an ƙiyasta ta ci dala biliyan 30. A Baku 2024 aka ce biliyan 300 a shekara nan da 2035, ƙasashe matalauta suka fito suna cewa bai isa ba. Amurka ta shiga yarjejeniyar Paris ta 2015, ta fita a 2020, ta dawo a 2021, a Janairun 2025 Trump ya sake sa hannu a fita. A 2017 Bankin Duniya ya ce zai daina ba da kuɗin haƙo mai da gas bayan 2019, amma da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 sai ga Jamus ta sake kunna tashoshin kwal, ga shugabannin Turai suna zarya Senegal da Aljeriya neman gas. Duk wanda ya ga haka ya yi fushi yana da hujja. Sai dai fushinmu ba ya rage zafin Afrilu, ba ya kuma hana kogin Shari cika.

Ni a ganina za a ci gaba da waɗannan tarurruka, kuma bai kamata mu ƙaurace musu ba. 'Yar ƙasarmu Hindou Oumarou Ibrahim ta kai kukan makiyaya har zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, a Yulin 2025 kuma kotun duniya ta ba da fatawar cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe, ƙaramar ƙasar Banuwatu ce ta ja gaban wannan ƙara. Irin wannan matsin yana da amfani. Amma wanda ya ɗora cikin iyalinsa a kan kuɗin da za a yanke a can zai daɗe yana jira.

Abin da zai yanke makomar mai farashi ne, Baba, kuma wannan yarenku ne. Cikin shekara goma, daga 2010 zuwa 2020, kuɗin farantin sola ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100. Sin ke ƙera sama da kashi 80 cikin 100 na farantan duniya, don kasuwa take yi da kuma rage dogaronta da man da take sayowa, ba ta jiran yardar kowa. A 2024 kusan rabin sabbin motocin da aka sayar a Sin masu caji ne. A wannan shekarar Pakistan ta shigo da farantan da ƙarfinsu ya kai wajen megawat 17,000, kuma manoma da masu shaguna da masu ƙananan masana'antu ne suka saya da kuɗin aljihunsu, don kuɗin wuta ya gallabe su. Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur da gazuwal a 2024, saboda tana da wutar madatsa, dalar sayen mai ce ba ta da ita.

Ina ganin ƙaramin wannan a shagona. A Mayun 2023 Najeriya ta cire tallafin fetur, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, ta yi tsada a Kuseri da Marwa. A Fabrairun 2024 Chadi ta ɗaga litar fetur daga sefa 518 zuwa 730. Tun daga nan masu zuwa wurina suka canja. Da ma'aikata ne masu son fanka da talabijin, yanzu 'yan lambu ne. Akwai wani mai noman albasa a bakin Logon, da can kullum sai ya aiki yaro da jarka kafin injin ban ruwa ya tashi, ran da babu kuɗin mai kuwa shuka ta kwana da ƙishi. Muka kafa masa faranti shida a kan ƙarfe, da famfon da ba ya buƙatar batir. Da hantsi ruwa ya fara bin kwalbati, da la'asar ya tsaya da kansa. Aikinsa kawai ya goge ƙura da tsumma kowace safiya, ya kuma sa ɗansa kwana a bukka saboda ɓarayi. Bai taɓa tambayata komai game da taron Paris ba, lissafin jarka ya yi.

Ba zan yi muku tallar sola ba tare da faɗin aibunta ba. Ƙurar hunturu tana rage mata ƙarfi. Batir mai arha ba ya jure zafinmu, na sha ganin wanda ya kumbura tun bai shekara ba, mai shi ya ce sola ƙarya ce. Kasuwa ta cika da jabu, an manna wa ƙaramin faranti lambar babba. Sannan faranti a rufin gida ba zai tafiyar da masana'antar auduga ko babban asibiti ba, wannan sai babbar tasha da layin wuta mai ƙarfi. Uwa-uba, kuɗinta a tashi ɗaya ake biya, shi kuwa talaka ya fi iya sayen lita ɗaya kullum ko da a ƙarshe ya fi kashewa.

Yanzu ga inda tsorona yake. Duniya tana shan sama da ganga miliyan 100 a rana, Chadi ba ta haƙo ko 200,000. Ba mu da bakin magana a farashi, kuma manmu sai ya bi bututu na kilomita 1,070 daga Doba zuwa Kiribi a gaɓar tekun Kamaru kafin ya ga jirgi. Ba sai duniya ta daina shan mai ba kafin mu ji a jikinmu. Buƙata ta daina hawa kawai, masu rijiyoyi masu arha irin Saudiyya su ci gaba da zubawa, farashi ya sauka ya zauna ƙasa, masu tsadar haƙowa da tsadar jigila su za su fara fita kasuwa, masu zuba jari kuma su daina tona sabbin rijiyoyi a wurare irin namu.

Mun taɓa ɗanɗana wannan. Mai ya fara gudu a 2003. Dokar 1999 ta ware kashi 10 cikin 100 don 'ya'ya da jikoki masu zuwa, a ƙarshen 2005 aka soke wannan asusu, a 2008 Bankin Duniya ya zare hannunsa. A 2014 ƙasa ta ci bashin sama da dala biliyan ɗaya daga kamfanin Glencore don sayen kason kamfanin Chevron a man Doba, lokacin ganga ta haura dala 100. Zuwa farkon 2016 ta faɗi ƙasa da 30. Kun tuna matakai 16 na tsuke bakin aljihu da aka ɗauka a shekarar, aka zaftare alawus ɗin ma'aikata, makarantu suka yi wata da watanni a rufe, kasuwa ta mutu har a gefenku na gadar Ngeli. An sake tsara bashin a 2018, aka kuma sake a 2022. Wancan faɗuwar ta wucin gadi ce, farashi ya dawo. Wadda nake tsoro ita ce wadda ba za ta dawo ba. Bayan sama da shekara 20 ana fitar da mai, har yanzu cikin mutum goma a Chadi wajen ɗaya ne ke da lantarki. Lokacin da nake aiki a kudu, sansaninmu ba ya rasa wuta dare da rana, in ka ƙetare shinge kuwa ungozoma da tocila take karɓar haihuwa. Wannan abin har yau yana damuna.

Idan duniya ta yi jan ƙafa, kowace ƙasa ta kama gabanta, mai zai ci gaba da sayuwa, gwamnati ta samu na albashi, amma zafi da ambaliya su ƙaru, kuɗin ya ƙare a gyaran gadoji da ciyar da waɗanda suka rasa matsuguni. Idan kuwa sola da motocin caji suka ci kasuwa da sauri, kuma nan na fi ganin an nufa, jikokinmu za su samu sauƙin yanayi, amma baitulmalinmu zai bushe da wuri. Ta ko'ina aka bi, aikin da ke gabanmu ɗaya ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: kuɗin man da ya rage shi ne jarin da za mu ja wuta da shi, kuma ba zai daɗe a hannu ba.

Ba daga sifili za a fara ba. Arewacin Kamaru ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo mai megawat 72, wadda aka gama a 1982. Da ruwanta ya ja baya wajen 2021, Garwa da Marwa da Ngaundere suka sha duhu, wannan ma darasi ne cewa madatsa ita ma damina take jira. Tashoshin sola na Marwa da Gider, megawat 30 a haɗe tare da batura, sun rage raɗaɗin. Madatsar Nachtigal mai megawat 420 ta fara aiki a kudu, akwai kuma shirin layin da zai haɗa kudancin Kamaru da arewa ya ƙetara Chadi. A Janairun 2025, a Darussalam, Chadi tana cikin ƙasashen farko da suka gabatar da tsarinsu a shirin Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka na kai wuta ga mutum miliyan 300 nan da 2030. Waɗannan su ya kamata 'yan kasuwa irinmu mu riƙa bibiya muna tambaya: ina aka kwana, nawa aka kashe, yaushe layin zai iso?

Akwai wurin da zan tsaya tare da ku ko da masu rajin yanayi na waje ba su so ba, shi ne gas ɗin girki. Mafi yawan matanmu da itace da gawayi suke dafa abinci, hayaƙi yana cin idonsu da ƙirjin 'ya'yansu, daji kuma yana ƙarewa. Lokacin da aka hana gawayi a ƙarshen 2008 ba tare da an wadata mutane da madadinsa ba, kowa ya ga wahalar da mata suka sha a Njamena. Tukunyar gas a kicin ɗin talaka ta fi wa daji amfani fiye da dashen itacen da za a ɗauki hoto a watse. Hayaƙin da za mu ƙara da wannan bai taka kara ya karya ba, kuma ba mu da dalilin jin kunyar neman jari a kansa, ko daga matatar Jarmaya ne ko daga filin Sedigi na Kanem da aka gano tun shekarun 1970.

To, tankokinku. Man da ake sha a cikin gida ba zai ragu da wuri ba. Manyan motocin da ke ɗauko kaya daga Duwala zuwa Njamena, tafiyar sama da kilomita 1,500, za su daɗe suna shan gazuwal. Tsofaffin motocin da Turai za ta riƙa rabuwa da su nan za su sauka ta Kwatano da Duwala, jama'a kuma ƙaruwa take yi. Wanda zai fara zamewa daga hannunku shi ne man janareta da na injin ban ruwa da na turakun waya, don a nan sola ta riga ta fi arha. Ku duba littafinku ku ga kaso nawa na cinikinku ne ke zuwa daga waɗannan. Tankar da kuka gama biya za ta ci gaba da ciyar da ku. Sabuwa da bashin banki na shekaru masu yawa kuwa, ba na ba ku shawara. Ribar bana ku raba ta: wani kaso a jigilar gas da ɗura tukwane, wani a famfunan sola da za a ba 'yan lambu bashi su biya bayan sun cire albasa. Ku kuka san manoman nan da iyayensu, kun san wanda zai biya da wanda ba zai biya ba, wannan sanin babu bankin da yake da shi. Ɗakin sanyi mai sola a bakin kasuwar kifi ma kasuwa ce da ke jiran mai jari, don kifin da ke lalacewa kafin ya kai ga mai saye ba kaɗan ba ne.

Cikin yaran motarku kuma, ku zaɓi masu kaifin kai ku tura su koyon aikin lantarki na gaskiya, su iya lissafin nauyin wuta da girman waya da gyaran famfo da inbata. Masu ɗaura faranti sun yi yawa, masu gyara idan ya lalace ne babu. Ni zan karɓi biyu a shagona ba tare da kuɗin koyo ba. Ina kuma roƙon ku, tunda ana jin maganarku, a taro na gaba ku sa a tattauna abu biyu: yadda za mu haɗa asusun bashin famfuna a tsakaninmu, da yadda za mu kai kuka ga hukumomin ƙasashen biyu a kan jabun batura da faranti da ke shigowa. Zan zo da farashin kaya da lissafin abin da mai lambu ke kashewa a mai cikin rani guda, ku duba da kanku.

Allah ya ja zamaninku, ya sa albarka a dukiya da zuri'a. A gaida Hajiya da mutanen gida.

Wassalam,
Ɗanku, mai shagon sola a Njamena